Nahawun mabuɗin fim: jeri, mahaɗi da nasaba

1. Gabatarwa

Mabuɗin fim, wato abin da ake kira « générique » da Faransanci, shi ne jerin sunayen da ke fitowa bisa allo kafin labari ya kankama. Yawancin ƴan kallo sun ɗauke shi lokacin gyara zama. A cikin wannan ɗan nazari muna son mu nuna cewa nassi ne mai nahawun kansa: wurin da aka aje suna, da kalmar da ta haɗa shi da maƙwabcinsa, su ke faɗin matsayin mai sunan. Za mu duba ƙa'idodin yadda suka kafu a Amurka da Faransa, sa'an nan mu ga abin da Hausa ke yi da su.

2. Jeri

A tsarin Holiwud, kamfani ke buɗe layi, manyan ƴan wasa su biyo, sai ma'aikata, darakta kuma ya rufe. Ke nan gurabun daraja biyu ne, farko da ƙarshe. Yarjejeniya ce ke tsare su, kuma taka ta na da tsada. A 1980 fim ɗin The Empire Strikes Back ya fito ba a ambaci daraktansa, Irvin Kershner, ba sai a ƙarshe. Ƙungiyar daraktocin Amurka ta ci George Lucas tara, ya biya, ya fice daga cikinta.

In taurari biyu suka yi kunnen doki fa? A The Towering Inferno, 1974, an sa Steve McQueen a hagu daga ƙasa, Paul Newman a dama daga sama. Mai karatu daga hagu ya fara da wancan, mai karatu daga sama ya fara da wannan. Rubutu na da tsawo da faɗi, shi ya sa sulhun ya yiwu.

3. Mahaɗi da nasaba

Ƙungiyar marubutan fim ta Amurka ta raba mahaɗi ɗaya gida biyu. Alamar « & » tsakanin sunaye biyu na nufin tare suka rubuta. Kalmar « and » kuwa na nufin kowa ya yi nasa daban, galibi na biyun ya sake aikin na farkon. A baki furucinsu ɗaya ne, ido kaɗai ke bambance su.

A Faransa maganar na kan « de » na « un film de ». Dokar 11 ga Maris 1957 ta lissafa darakta cikin masu haƙƙin fim, tare da marubucin labari, da na zance, da mai kiɗa. Amma wannan ƴar kalma takan miƙa wa mutum guda abin da doka ta raba wa jama'a. Marubutan Amurka sun daɗe suna ƙorafi a kan takwararta ta Ingilishi saboda wannan dalili.

4. Mabuɗi na baka

A Le Mépris, 1963, Jean-Luc Godard ya ɗauke sunayen daga allo ya sa su a bakin mai magana. Muna jin an ambaci littafin Alberto Moravia, da Brigitte Bardot, da Michel Piccoli, alhali muna kallon mai ɗaukar hoto, Raoul Coutard, yana tahowa da na'urarsa har ya juyo da ita gare mu. François Truffaut ya bi wannan hanya a Fahrenheit 451, 1966, da hujja mai ƙarfi: labarin duniya ce da aka haramta littattafai.

Ana yaba wannan dabara da cewa ta daidaita manya da ƙanana. A ganinmu rabin gaskiya ce. Murya ta shafe girman haruffa, to amma, kamar yadda Saussure ya koyar, furuci a layi ɗaya yake tafiya, wani sauti bayan wani. Baki ba ya iya sulhun McQueen da Newman, dole wani ya riga wani. Ribar dabarar a wani wuri take: tana tilasta sunaye su shiga jimla, kuma wanda bai iya karatu ba yana samun rabonsa.

5. Abin da Hausa ke yi

Finafinan bidiyo na Kano, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya, 1990, kuma ake kallonsu ƙwarai a Maraɗi da Damagaram, galibi da Ingilishi suke rubuta muƙaman ma'aikatansu, ko da yake zancen duka da Hausa ne. Ɗan kallon Nijar da ya yi lakkol da Faransanci ya zama baƙo a ƙofar fim ɗin da ke magana da harshen uwarsa.

Fassara kalma da kalma ba za ta warware matsalar ba. « Da » ɗinmu ɗaya ne, ba ya rarrabe aikin tare da aikin bi-da-bi. Nasabar « fim ɗin wane » kuma ta fi « de » duhu: a bakin ƴan kallo sau da yawa jarumin ake nufi, wani lokaci mai kuɗin, ba lallai darakta ba. Inda suna ya gaza, aikatau na iyawa: wane ya ɗauki nauyi, wance da wane suka rubuta tare, wane ya sake gyarawa, wane ya ba da umarni. Kowace jimla ta faɗi mai aiki da aikinsa, babu ruɗu.

6. Kammalawa

Mun ga cewa mabuɗin fim rabon haƙƙi ne da aka zuba cikin jeri, mahaɗi da nasaba. Kowane harshe da kayan aikinsa. Shawararmu ga masu shirya fim da Hausa ita ce su gina mabuɗinsu bisa jimlar aikatau, a rubuce kuma a faɗe, don marubuci da mai ɗaukar hoto su daina ɓacewa a bayan sunan jarumi.