Katangar 1870: Nazari Kan Zaman Masu Cigiyar Salsala a Tsakanin Baƙaƙen Amurka

A garuruwa da dama na Amurka, sau ɗaya a wata, galibi ranar Asabar da hantsi, wasu mutane kan hallara a ɗakin taro na laburaren gari ko a zauren coci, kowa rungume da fayil ko 'yar kwamfuta. Mafi yawansu dattawa ne da suka ajiye aiki, kuma mata sun rinjayi maza. Babu dangantakar jini a tsakaninsu. Abin da ya tara su shi ne kowa yana cigiyar kakanninsa, kuma ya gane cewa cigiyar ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Zaman yakan fara kamar na kowace ƙungiya. Magatakarda ya karanta abin da aka tattauna a zaman baya, ma'aji ya faɗi abin da ya shigo na kuɗin shekara. Daga nan sai mai jawabi, wataƙila ma'aikacin rumbun takardun tarihi da zai nuna yadda ake karanta tsohuwar takardar mallakar gona, ko wata mamba da ta shekara goma tana bin sawun gida ɗaya. Amma abin da kowa ke jira shi ne lokacin da ake ba wanda bincikensa ya cije dama ya baje matsalarsa. Irin wannan cijewa suna kiranta katanga. Mutum zai miƙe ya ce ya bi kakar mahaifiyarsa har gunduma kaza a shekara kaza, daga nan sawu ya ɓace. Tambayar farko da za a yi masa ba ta sauyawa: ina ka samo wannan?

Wannan tambayar ce ta sa na ga al'adar ta cancanci nazari. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san ta, domin ita ce tambayar isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji? A 1964 aka kafa hukumar da ke tantance ƙwararrun masu binciken salsala a Amurka, kuma ma'aunin da ta shimfiɗa daga baya ya sauko har zauren coci. A bincika duk inda hankali ya ce a duba, a faɗi inda kowace magana ta fito, a gwama shaidu, in biyu sun saɓa a warware saɓanin, sannan a rubuta hukunci tare da dalilinsa. Don sunanka ya zo ɗaya da na wani mutumin da ya rayu shekara 200 da suka wuce, wannan bai mai da shi kakanka ba. Maganar tsohuwar gida kuwa ana karɓarta hannu bibbiyu, a rubuta ranar da ta faɗe ta, sannan a tafi neman abin da zai tabbatar da ita.

Asalin waɗannan ƙungiyoyi na masu tutiya da asali ne. Wadda aka kafa a Boston a 1845 ta fi damuwa da haɗa manyan gidajen yankin da Turawan Ingila da suka fara sauka a can. A 1890 aka kafa ƙungiyar mata jikokin mayaƙan 'yancin Amurka, wadda ba a shigarta sai da hujjar cewa wani kakanka ya taimaka a yaƙin da aka yi da Ingila. Sai a 1977 baƙar mace ta farko da aka sani, Karen Batchelor, ta samu shiga cikinta, ko da yake dubban baƙaƙe sun yi wancan yaƙi.

Shekarar 1977 ɗin nan ita ce mararraba. A 1976 Alex Haley ya fitar da littafinsa Roots, inda ya bi danginsa har zuwa wani saurayi, Kunta Kinte, da aka kama a Gambiya. A watan Janairun 1977 aka nuna labarin a talabijin dare takwas a jere, ƙasar ta ɗauka baki ɗaya. Rumbun takardun tarihi na ƙasa da ke Washinton ya cika da baƙaƙe masu tambayar inda za su fara. A wannan shekarar James Dent Walker, wanda ma'aikaci ne a rumbun, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar tarihi da salsala ta baƙaƙen Amurka, AAHGS, wadda yanzu take da rassa a jihohi da yawa. Zaman waɗannan rassa da makamantansu ya bambanta da na sauran, kuma bambancin yana da shekara: 1870.

Amurka tana ƙidayar jama'arta duk bayan shekara 10 tun 1790, kuma ana buɗe wa kowa takardun bayan shekara 72. Mai bincike yakan fara da ta 1950, wadda aka buɗe a 2022, ya yi ta komawa baya, 1940, 1930, har 1900. Ta 1890 gobara ta ci yawancinta a 1921, don haka sai a tsallaka zuwa 1880, wadda ta fara nuna dangantakar kowa da maigida. A ta 1870 zai iske kakansa da sunansa da shekarunsa da jihar da aka haife shi. In ya ƙara taku ɗaya baya, zuwa 1860, sai ya tarar babu shi. A ƙidayar 1850 da ta 1860 an ware wa bayi takarda daban, kuma sunan da ke kanta na ubangida ne. A ƙarƙashin sunan sai layuka: shekara 34, namiji, baƙi, shekara 9, mace, shekara 2, namiji. Mutum kusan miliyan 4 aka rubuta haka a 1860. Doka ba ta san aurensu ba, saboda haka babu rajistar aure. Ba su mallaki gona ba, ba su bar wasiyya ba. Bature ɗan ƙungiya yakan ci karo da katanga saboda kotun gundumarsu ta ƙone ko wani kaka ya sauya suna. Jikan bawa kuwa da gangan aka gina tasa, kuma kusan kowa a zauren a wuri ɗaya ya ci karo da ita.

Hanyar tsallake ta tana da ɗaci. Tunda dukiya aka ɗauki bawa, to a cikin lissafin dukiya ake nemansa. Dole sai ka gano wanda ya mallaki kakanka, ka koma kana binciken salsalar gidansa kamar naka: yaushe ya mutu, 'ya'yansa nawa, wa ya auri wa. A kotun gunduma akwai takardun rabon gado, kuma a nan ake samun sunan farko na bawa da kuɗin da aka yi masa, a shafi ɗaya da dawaki da tukwane da gadaje. Akan iske uwa ta faɗa rabon ɗa, 'yarta ta faɗa rabon 'yar da ta yi aure a wata jiha. Wani an jinginar da shi a banki, wani an ba da shi cikin kayan aure. Sabon mamba yakan zaci sunan da kakansa ya ɗauka bayan samun 'yanci a 1865 na ubangidansa na ƙarshe ne. Tsofaffin hannu sukan ja masa kunne: wasu sun ɗauki na wani ubangida na can baya, inda aka raba su da uwa, wasu kuma sun zaɓi sabon suna da kansu. Sukan ce masa ya duba gidajen da ke maƙwabtaka da na kakan nasa a ƙidayar 1870, domin 'yantattu da yawa ba su yi nisa da gonar da suka yi bauta ba.

A ganina, wannan ne ya sa zaman ido da ido bai mutu ba duk da intanet ta kawo takardu har cikin ɗaki. Wanda ya ga an yi wa kakarsa kuɗi a takarda yana bukatar wanda ya riga shi ganin irin wannan, ya zauna kusa da shi.

Akwai kuma takardun da 'yantattun suka yi magana da bakinsu. Ofishin da gwamnati ta buɗe don kula da su daga 1865 zuwa 1872 ya bar rajistar aure, yarjejeniyar ƙwadago da ƙorafe-ƙorafe. Bankin ajiyarsu, wanda ya durƙushe a 1874 da kuɗin talakawa a ciki, yakan tambayi mai buɗe asusu sunan iyayensa da 'yan'uwansa, wani lokaci har da na tsohon ubangida. Baƙaƙe kimanin 180,000 sun yi soja a yaƙin basasa, kuma matan da suka nemi fanshonsu sai da suka kawo shaidu suka ba da tarihin aurensu dalla-dalla. Jaridun coci irin su Christian Recorder sun shekara da shekaru suna buga cigiyar uwa ko ƙane da aka sayar tun kafin yaƙi. Waɗannan takardu sun daɗe a ajiye ba tare da jerin sunayen da zai sauƙaƙa nema ba. Daga 2015 zuwa 2016, 'yan sa-kai fiye da 25,000, ciki har da rassan AAHGS, suka zauna suna kwafe tsohon rubutun hannu shafi bayan shafi har suka fitar da suna kusan miliyan 1.8. Mafi yawan sunayen da kowannensu ya kwafa na kakannin wasu ne. Haka aikin reshe yake a kullum: a je tsohuwar maƙabarta a sare ciyawa a rubuta abin da ke kan duwatsu, a tara takardun jana'iza da iyalai ke rabawa a coci, a buga su a 'yar mujallar ƙungiya.

Inda al'adar take da rauni shi ne wajen ɗokin isa Afirka. Haley da kansa ya faɗa wannan rami. Da ya je ƙauyen Jufure na Gambiya a 1967, wani dattijo ya ba shi tarihin gidan Kinte wanda ya dace da abin da ya ji a bakin kakarsa. Masana da suka bi sawu daga baya sun nuna cewa labarin abin da baƙon yake nema ya riga shi isa ƙauyen. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Mun san abin da maroƙi zai yi in ya ji ƙishin-ƙishin ɗin inda kake son salsalarka ta tuƙe. A 1981 Gary Mills da Elizabeth Shown Mills suka duba takardun jihar Bajiniya, suka iske bawan nan Toby, wanda Haley ya ce shi ne Kunta Kinte, yana cikin takardun gidan ubangidansa tun shekaru kafin jirgin da aka ce ya kawo shi ya iso a 1767. Haley ya amsa cewa ya cakuɗa tarihi da ƙagen labari. Ba na ganin wannan ya rage masa ladan buɗe ƙofa, amma littafin da ya cika zaurukan nan da jama'a ba zai tsallake tambayar farko da ake yi a cikinsu ba.

Yau gwajin ƙwayoyin halitta ne ya gaji dattijon Jufure. Tun 2003 akwai kamfanin da ke ba baƙaƙen Amurka takardar shaida mai ɗauke da sunan ƙabila, kuma wasu an ce musu Hausawa ne ko Fulani. Ina murna da duk wanda ya neme mu da zumunci, kuma in ya zo ya cancanci shimfiɗa. Amma gaskiya ɗaya ce. Irin wannan gwaji layi ɗaya yake bi, uwa ta uwa ta uwa ko uba na uba na uba, alhali in ka koma baya hawa goma guraben kakanninka 1,024 ne. Ban da haka, mu da muke ciki mun san Hausa ba jini ɗaya ba ce. A unguwa ɗaya a Kano za ka samu wanda kakarsa Babarbariya ce, wani Banufiya, wani Buzuwa, kuma duk Hausawa ne babu mai musu. Rassan da suka san aikinsu suna amfani da gwajin ta wata fuska mai tawali'u: su nemo 'yan'uwa na hawa huɗu ko biyar da ke raye, su gwama takardunsu, su gano gonar da aka raba kakanninsu.

Akwai inda takarda ta ambace mu da suna. A Luwiziyana, marubutan kotu na Faransa da Sifaniya sukan rubuta sunan bawa da ƙabilar da aka danganta shi da ita. Gwendolyn Midlo Hall ta shafe shekaru tana tattara waɗannan takardu har ta haɗa bayanan mutum kusan 100,000, kuma fiye da 100 daga cikinsu an rubuta su Hausawa. Adadin kaɗan ne, domin Hausawan da aka ƙetarar da su teku sun fi yawa a Bahiya ta Brazil. Amma kowane ɗaya daga cikinsu daga wani gari aka ɗauke shi, kuma an yi kukan rashinsa a wani gida.

Wannan ne ya sa zaman nasu yake taɓa ni. A wurinmu salsala tana da ƙarfi a gidajen sarauta da na malamai, inda yaro zai jero maka kakanni bakwai ba gargada, amma kusan duka maza ne. Tambayi sunan kakar kakarsa, sai ya ba ka laƙabi, in ma ya sani. A gidaje da yawa kuma akwai inda tsofaffi ke yin shiru, domin har yau kalmar bacucane tana iya ɓata maganar aure. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya. Kafin nan kotunan alƙalai da ofisoshin Turawa sun rubuta dubban mutanen da aka 'yanta ko suka fanshi kansu, da sunayensu da inda aka ce sun fito, kuma rajistocin suna ajiye a rumbun takardun tarihi na Kaduna. Masana tarihi sun yi aiki da su. Jikokin waɗanda ke ciki suna raye a birane da ƙauyukanmu, da yawansu ba su san an rubuta sunan kakarsu a ko'ina ba, wasu kuma da sun sani da sun gwammace a bar fayil ɗin a rufe.