Mashayi a Adabin Hausa: Ina Gadon Asibiti?

Adabin Hausa ya daɗe da sanin mashayi. Mu'azu Haɗeja ya tsara masa "Waƙar Giya" ta gargaɗi da tsoratarwa. A wasan kwaikwayon Uwar Gulma na Mohammed Sada, Hayatu ya zama misalin mijin da shaye-shaye ya rusa masa gida, matarsa Halima ta ɗanɗana kuɗarta. Mamman Shata kuwa, a waƙarsa ta "A Sha Ruwa", ya shiga taron mashaya ya yi musu kiɗa. Ke nan fuska uku aka ba mashayi: mai saɓo, azzalumi, ɗan duniya.

Akwai fuska ta huɗu da alƙalami bai cika zana ta ba, wato ta saurayin da aka kai asibiti cikin dare, ranga-ranga, yana aman jini, ko kansa ya fashe a haɗarin babur. Marubutanmu sukan hukunta mashayi da talauci ko tonon asiri ko mutuwar farat ɗaya, su rufe littafi. Jinya ta fi wannan tsawo. Hanta takan kumbura ta ƙanƙance a hankali, ciki ya tara ruwa, ido ya yi rawaya. Wanda jikinsa ya saba da giya, in ya daina kwatsam, makyarkyata da farfaɗiya na iya kama shi, har sai likita ya tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi ajalin mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019.

Wannan giɓi yana da illa. A al'ummar da shan giya haramun ne kuma abin kunya, iyaye sukan ɓoye ɗansu a ɗaki, su ce shawara ce ko aikin iska, ba za a nufi asibiti ba sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Labarin da ya tsaya ga la'antar mashayi yana ƙara wa wannan ɓoyo ƙarfi.

Wa'azin Haɗeja yana nan da ƙimarsa. Abin da ya rage wa marubucin yau shi ne ya bi mahaifiyar yaron zuwa Dawanau ko Barnawa, ya zauna tare da ita a bakin gado, ya rubuta abin da ya gani. Hausawa sun ce mai ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi.