Tudun Kushewa na West Kennet: Sharhi a kan Rahoton Piggott

A gundumar Wiltshire ta ƙasar Ingila akwai wani tudu mai suna West Kennet, tsawonsa kimanin mita 100. Waɗanda suka tara shi manoma ne da makiyaya, ba su san ƙarfe ba, ba su kuma bar rubutu ba. A bakinsa na gabas suka gina ɗakuna biyar da manyan duwatsu, inda suke ajiye matattunsu.

A 1859 John Thurnam ya haƙa tudun, amma ɗakin ƙurya kaɗai ya tarar. Sauran huɗun sai a 1955 da 1956 Stuart Piggott da Richard Atkinson suka buɗe su. Rahoton da Piggott ya wallafa a 1962 shi ne abin nazarinmu.

Dole a yaba wa rahoton wajen tsanaki. Ya bayyana inda aka tsinci ƙasusuwa da yadda ƙasa ta hau bisa ƙasa. Ya kuma lura cewa ƙoƙunan kai da dogayen ƙasusuwa sun yi ƙaranci, alamar masu rai sun riƙa komawa suna ɗibar wasu.

Inda rahoton ya yi rauni shi ne wajen lokaci. Ganin ɓaragutsan tukwane na zamani daban-daban a cikin ɗakunan ya sa Piggott ya ɗauka an yi wajen shekara 1,000 ana amfani da kushewar. A 2007 Alex Bayliss da Alasdair Whittle da Michael Wysocki suka auna shekarun ƙasusuwan, suka nuna an gina ɗakunan wajen shekara ta 3650 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), kuma an gama bisne mutanen farko cikin lokacin da bai kai tsawon ran mutum ɗaya ba. Yawancin tukwanen sun shigo ne da cikon da aka zuba daga baya. Ke nan waɗanda aka bisne, mai yiwuwa, sun san juna ido da ido.

Sai dai da Piggott bai adana ƙasusuwan da bayaninsu ba, da ba a sami hanyar gyara masa ba. Wannan ya shafe mu, domin mu ma muna da tuddan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, waɗanda H. R. Palmer ya fara haƙawa a 1907. Fassara tana gyaruwa, amma kushewa sau ɗaya take haƙuwa. Saboda haka wajibi ne mai haƙa ya rubuta abin da ya gani daban, abin da yake zato daban.