Tsakanin Uba da Ɗa: Tsokaci Kan Fim Ɗin Shakti

Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya yi zamani da gidajen silima ya san matsayin finafinan Indiya a zukatan jama'armu. Wannan ɗan tsokaci zai dubi ɗaya daga cikinsu, wato Shakti, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni a 1982, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta labarinsa. Marigayi Dilip Kumar ne ya fito a matsayin uba, Amitabh Bachchan kuwa ɗa.

Jigo da Warwararsa

Jigon fim ɗin shi ne ɓarakar da ke shiga tsakanin mahaifi da ɗansa idan aka bar zuciya da zato. Ashwini Kumar babban ɗan sanda ne mai riƙon amana. 'Yan fasa-ƙwauri suka sace ɗansa Vijay yana ƙarami, suka nemi ya sako musu mutuminsu. Ya ƙi, ya ce su yi abin da suka ga dama da yaron. Maganar nan ta shiga kunnen Vijay. Ya tsira da ransa, amma wanda ya taimaka masa ya tsere ɗaya ne daga cikin miyagun, wato Narang. Tun daga ranar yaron ya ɗauka mahaifinsa ya fi son kakinsa a kansa, har ya girma ya shiga hidimar Narang.

Abin lura a nan shi ne, marubutan ba su mayar da uban mugu ba. Yana son ɗansa, bakinsa ne ya kasa furtawa. Uwa, Sheetal, ita ce igiyar da ke riƙe su. Da aka kashe ta, sai aka kawo Vijay daga tsare ya ga gawarta, uba da ɗa suka zubar da hawaye wuri guda ba tare da doguwar magana ba. A ganina nan ne ƙololuwar fim ɗin. Daga ƙarshe uban ya harbe ɗan da hannunsa a filin jirgin sama, kuma sai a bakin mutuwa kowannensu ya bayyana ƙaunarsa.

Mai kallo Bahaushe ba zai ga baƙon abu a shirun Ashwini ba. A al'adarmu uba kan yi kunyar ɗan fari, har ya ƙi kiran sunansa. Sai dai kunya tana da masu fassara ta: kaka da goggo da kawu kan nuna wa yaro cewa kawaici ne, ba ƙiyayya ba. Vijay bai sami kowa ba sai uwa ɗaya, shi ya sa shirun ya zame masa dafi.

Rauni

Inda fim ɗin ya gaza shi ne zubinsa. An gina shi a kan tsohon Ashwini yana ba jikansa Ravi labari, jikan kuma ya ƙudurta shiga aikin ɗan sanda. Wannan ya wanke uban tas, ya mayar da jinin Vijay kuɗin riƙon amana. Alhali kuwa laifin Ashwini ba ƙin sakin fursuna ba ne, a'a, shekarun da ya kwashe bai zaunar da ɗansa ya yi masa bayani ba ne.

Kammalawa

Duk da haka, ɗalibanmu masu sha'awar rubuta wasan kwaikwayo za su ƙaru da Shakti. Ya nuna ana iya gina rikici mai tsanani ba tare da an ɗora wa ɗaya daga cikin taurari baƙin hali ba. Ya isa kowannensu ya kasance da tasa gaskiyar, amma ya kasa jin ta ɗan'uwansa.