Turi Ko Kishi?

A ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, 'yan Philadelphia Eagles suna da wata dabara. In saura taku ɗaya, sai ƙarti su dafa bayan Jalen Hurts su ingiza shi gaba da ƙarfin tsiya. Suna cin kofi a 2025, sai Green Bay Packers suka nemi a haramta turin, wai akwai haɗari. Ƙungiya 22 suka yarda, 10 suka ƙi, alhali 24 ake nema.

Ni dai, mai karatu, kishi na gani, irin wanda nake rubutawa tsakanin kishiyoyi. Doka ta ba kowa damar turi. Don amarya ta fi ki iya tuwo, sai ki ce maigida ya rufe madafa?