Gatarin Aro da Mazarin Baba: Wa Ke Biyan Kuɗin Dogaro da Kai?

Shekara ɗari cif ke tsakanin littattafai biyun da za mu duba. Walden na Henry David Thoreau ya fito a Amurka a 1854. Baba of Karo kuwa, tarihin rayuwar wata tsohuwa 'yar ƙasar Kano wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta, ya fito a Landan a 1954. Mun haɗa su ne saboda maganar komawa ga sana'ar hannu ta cika bakin marubutanmu a 'yan shekarun nan. Da wuya mako ya wuce ba mu ci karo da maƙalar da ke kukan mutuwar saƙa da jima da ƙira ba, tana yi wa matasa gorin cewa kakanninsu ba su nemi komai a wajen kowa ba. Kafin mu amsa amin, yana da kyau mu ga abin da waɗannan littattafai suka nuna game da wannan rayuwa da ake yi mana kwaɗayinta.

Thoreau ya tare a bakin tafkin Walden, kusa da garin Konkod na jihar Masacusets, ranar 4 ga Yuli 1845, ya bar wurin a Satumban 1847. Ya gina ɗaki mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 15, ya kuma lissafa abin da ya kashe dalla-dalla: dala 28 da 'yan santi. Ya noma wake, ya riƙa gasa burodinsa, ya ce aikin mako shida a shekara ya ishe shi ciyar da kansa. Babin farko, wanda ya keɓe wa tattalin rayuwa, shi ne ƙashin bayan littafin, kuma har yau yana da cizo. Hujjarsa ita ce farashin kowane abu shi ne adadin rayuwar da mutum ya bayar kafin ya same shi. Duk wanda ya taɓa cin bashi don sayen waya ko yin ankon biki ya san inda wannan magana take taɓa shi.

Sai dai mai karatu da ido biyu zai lura da wasu abubuwa da marubucin da kansa bai ɓoye ba. Gatarin da ya sare itacen ginin na aro ne. Allunan da ya rufe ɗakin da su ya saye su ne daga bukkar wani ɗan ƙasar Ailan mai aikin hanyar jirgi. Maƙwabta ne suka taya shi ɗaga ginin, kuma haya ya ɗauka aka yi masa huɗar gonar. Filin na abokinsa ne, marubuci Ralph Waldo Emerson, garin kuma tafiyar ƙafa ce, yana leƙawa a kai a kai. Ba mu ɗauki wannan a matsayin tonon silili ba, domin mutumin bai taɓa cewa ya shiga dokar daji ba. Inda muka ga littafin ya yi tuntuɓe shi ne wurin da ruwan sama ya kora shi bukkar wani lebura mai suna John Field, mai mata da 'ya'ya, ya zauna yana yi masa huɗubar cewa da zai bar shayi da kofi da nama da ya huta da wahala. Gwauro mai ilimin jami'ar Habad, wanda gidansu ke da masana'antar fensir, yana koya wa mai iyali yadda ake talauci! Duk kyan jimlolin Thoreau, a wannan shafi bai ga mutumin da ke gabansa ba.

Baba ba ta zaɓi sauƙin rayuwa ba, a cikinta ta tashi. An haife ta wajen 1877, kafin zuwan Turawa, ta rasu a 1951, shekara uku kafin littafin ya fito. Mary Smith ta zauna da ita a Giwa tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, lokacin da mijinta M. G. Smith ke binciken tattalin arzikin garuruwan Zazzau, shi kuma ba shi da ikon shiga cikin gida wajen mata. Duniyar da Baba ta bayyana ita ce wadda maƙalolinmu ke mafarki: gida na noma abincinsa, mata na kaɗi, tufa daga audugar gona take fitowa. Amma da ta zo faɗin yadda gandun gidansu ke tafiya, sai ga rinji, sai ga bayi suna noman gandu har Azahar kafin su wuce gayaunarsu. Ta faɗi yadda mahara ke kama mutane, har na gidansu, da yadda ake tara kuɗin fansa. Ta kuma faɗi yadda bayi suka watse bayan zuwan Turawa. Ba ta yi wa abin ado ba, ba ta kuma nemi gafarar mai karatu ba, abin da ya sa muryarta ta fi ta masu yabon jiya nauyi a wajenmu.

Mu ɗan tsaya kan riga guda, domin a nan ne kalmar dogaro da kai ke warwarewa. Mace ce za ta gurje audugar ta raba ta da angurya, ta shiɓe ta, sannan ta zauna da mazari da alli tana kaɗi kwana da kwanaki kafin zaren ya kai na saƙa. Masaƙi ya karɓa ya fitar da sawaye 'yan sirara, maɗinki ya harhaɗa su. Idan ana son shuɗi sai marina, inda wani ya noma baba, wani ya haƙa karofi, wani ya ƙona toka. Daga nan sai mabuga. Mazarin kansa da ƙarfen gurzar ba mai kaɗin ce ta yi su ba. Hannu nawa ke nan a kan tufa ɗaya? Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda tufafin garin ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Wannan masana'anta ce mai fatake da dillalai da bashi da riba. Kakanninmu sun dogara da juna ƙwarai, wasu da yardarsu, wasu kuwa da igiya aka kawo su.

Shi ma littafin Baba yana da nasa giɓin. Da Hausa ta yi magana, da Turanci duniya ta ji ta, kuma duk mai jin harshen zai riƙa hango karin maganar da ta bushe a hanya. Bayan haka, tambayoyin masu nazarin al'umma ne suka ja akalar hirar, su kuwa aure da saki da zumunta da ƙawance suka fi damunsu. Shafuka masu yawa sun tafi a kan bukukuwa, aikin hannu kuma yakan gifta ne kawai, kamar abin da kowa ya sani. A nan Thoreau ya fi ta ba mu abin riƙewa: ya ƙirga ƙusa, ya faɗi kuɗin irin wake, ya bayyana yadda ya gina murhu da tsofaffin tubala. Da an tambayi Baba kwana nawa take kaɗa zaren zane ɗaya da nawa ake sayensa, da mun sami shafin da babu irinsa.

To mu fa, me muke rubutawa? A yawancin labaran da muke karantawa a waya, jarumi ɗan kasuwa ne ko likita ko soja, mai sana'ar hannu kuwa bango ne da ake jingina talaucin jaruma a jikinsa: uba maƙeri, uwa mai saƙar tabarma, layi biyu an wuce. Da wuya mu ga marubucin da ya san bambancin zaren arafiya da abawa, ko wanda ya zauna a majema har warin ya kama rigarsa. Masu maƙala kuma suna yabon sana'ar suna tsallake tambayar da kowa ya san da ita: gida nawa ne cikin masu wannan yabo za su ba majemi ko mahauci 'yarsu ba tare da an yi taron dangi ba? M. G. Smith ya yi rubutu kan wannan tsari na fifikon sana'o'i a ƙasar Hausa tun 1959, labaranmu kuwa har yanzu kewaye shi suke yi.

Rijiyoyin marinar Ƙofar Mata, waɗanda ake danganta kafuwarsu da 1498, suna nan a Kano, kaɗan daga cikinsu ke aiki, baƙi na zuwa ɗaukar hoto. Marinin da ya rage a wurin yana da lissafinsa na kuɗin baba da na yadi da na makarantar yara, yana kuma da ra'ayi kan atamfar waje da ta cika kasuwar Kantin Kwari. Muna jiran littafin da zai zauna da shi tsawon makonnin da Mary Smith ta zauna da Baba, ya ƙirga masa kaya yadda Thoreau ya ƙirga ƙusoshinsa, ya kuma tambaye shi ko yana son ɗansa ya gaje shi.