Tarbiyya ko Ilmin Lafiya? Sharhi a kan Littafin Chisungu na Audrey Richards

A shekarar 1931 ne Audrey Richards ta halarci bikin balagar 'yan mata na ƙabilar Bemba, a Rodeshiya ta Arewa, watau Zambiya ta yau. Sunan bikin chisungu, an kuwa shafe kwana 23 ana yinsa saboda 'yan mata biyu. Littafin da ya bayyana shi bai fito ba sai a 1956.

Muhimmancin littafin yana cikin bayanin hanyar koyarwa. Uwar biki, wadda ake kira nacimbusa, tana amfani da mbusa, watau siffofin yumɓu da zane-zanen bango, kowanne da waƙarsa da ma'anarsa. Ta nan ake cusa wa yarinya haƙƙin miji, da ladabi ga manya, da dokokin shimfiɗa. Alal misali, akwai 'yar tukunyar aure wadda ma'aurata ke tsarkaka da ruwanta bayan saduwa, kafin su kusanci murhu, domin Bemba sun ɗauka cewa saɓa wannan yana iya halaka jariri.

Sai dai marubuciyar ta lura da wani abu mai ɗaure kai. Sau da yawa 'yan matan a lulluɓe suke da bargo, ba sa ganin abin da ake nunawa, ayyukan gida kuwa sun riga sun iya. Ashe ke nan ilmin ba a zama ɗaya yake shiga ba. Mace tana fahimtarsa ne sannu a hankali, yayin da take halartar bukukuwan na bayanta. A nan littafin ya yi zarra.

Rauninsa kuwa biyu ne. Na farko, an gina shi a kan biki guda. Na biyu, fassarar alamomin daga bakin dattijai mata ta fito, muryar 'yan matan kansu ba ta fito sosai ba, alhali su ne ma'aunin ko koyarwar ta kama.

Wannan giɓi ya ƙara nauyi tun daga 1984, lokacin da aka fara tabbatar da cutar ƙanjamau a Zambiya, masu aikin lafiya suka soma duban irin waɗannan iyayen biki a matsayin hanyar isar da saƙo. Binciken Thera Rasing na 2001 ya nuna al'adar ta rayu har cikin biranen ma'adinan tagulla. Amma abin da Richards ta bayyana tarbiyyar aure ce, ba bayanin ɗaukar ciki ko yaɗuwar cuta ba. Tsarin da ya dogara ga biyayya ga miji ba zai koya wa yarinya cewa a'a ba, sai an sake duba ginshiƙinsa. Duk mai son ɗora wa chisungu sabon kaya, ya kamata ya fara sanin wanda yake ɗauke da shi.